Kaffarar Baba Tsoho

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Asabar da la'asar na faɗi wannan a cikin bas, da ƙarfi, har matar da ke zaune kusa da ni ta ja jakarta ta canja kujera. Goggo ce ta kira ni, ƙanwar mahaifina. "Baba ya faɗi a wurin game, wurin kallon ƙwallo," ta ce. "Ambulance ta ɗauke shi. Ka zo, please, ka zo yanzu." Kafin in isa asibiti an riga an lulluɓe masa fuska.

Kakana ne, mahaifin mahaifina. Mu jikoki Baba Tsoho muke ce masa, mutanen gari kuma Dogo, don duk ƙofar da zai shiga sai ya sunkuya. Ya haura saba'in, amma ban taɓa ganin ya kwanta ciwo ba, in ban da suga da yake lallaɓawa. Da safiyar ranar ma da ƙafarsa ya sauko daga hawa na tara, wai lif na rago ne.

Ba wanda ya yarda a karon farko. Liman sai da ya sa na maimaita sau uku. Mahaifina a Zariya ya ce mini a waya, "Ka gani da idonka?" Akwai wani ɗan Maraɗi mai shagon kayan abinci a unguwar Harlem, nan New York, wanda Baba Tsoho ya mai da bencin cikin shagonsa majalisa. Da na faɗa masa sai ya dafe kai da hannu biyu. "Wane Alhaji? Dogo? A'a, a'a! Jiya-jiya na gane shi bayan Juma'a shina hwaɗa da mai taksi bisa wurin parking. Mutum mai hwaɗa hakanga ba shi mutuwa!" Sai ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya yi istigfari, ya fashe da kuka a gaban masu sayayya.

Inna, kakata, ba ta yi kuka ba a ranar. Tana zaune a falo tana kallon ƙofa, duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta ce masa, "Cewa fa ya yi in ajiye masa tuwonsa." Haka ta riƙa faɗa har aka daina amsa mata.

Ranar Litinin muka kai shi. Ko a makara sai da ƙafafunsa suka leƙo, aka nemo mayafi aka ƙara. Muka dawo gida unguwar Concourse Village aka zauna makoki, falon ya cika, mutane suka yi layi har cikin barandar da ke tsakanin gidaje. Na fito in kai wa na waje ruwa, sai na ji muryarsa. Muryar Baba Tsoho, sak, tana cewa, "Wallahi tallahi!" Sai wata dariya ta biyo baya, irin ta inji, wadda ake sa wa a wasan barkwanci. Wasu samari biyu ne suka haɗa kai a kan waya. Ba da mugunta suke yi ba, ɗayan yana nuna wa ɗayan wanda ya rasu ne, don bai san shi ba. Da suka gan ni suka kashe.

Ni na haɗa wannan bidiyon. Minti uku ne da 'yan daƙiƙoƙi, kuma duk duniya ba wani hoto mai motsi na kakana sai shi. Wanda bai san shi ba, a nan zai san shi: tsoho mai rantsuwar wofi, ana masa dariya. Abin da ya hana ni sukuni ke nan tun ranar, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Abin haushin shi ne mutumin nan ya so a ce akwai hotonsa. Yana saurayi, kafin ya bar gida, ya fito a wani wasan kwaikwayo na mako-mako a wani gidan talabijin na Arewa, tun zamanin baƙi-da-fari. Masinjan ofis ya fito. Aikinsa guda ne: ya shigo da sauri, ya buga goshi a saman ƙofa, ya ce, "Ranka ya daɗe, an zo." Ya ce akwai lokacin da ba ya iya ratsa kasuwa, yara na binsa suna dafe goshi. Bayan shekaru masu yawa ya je gida hutu, ya sa babbar riga ya tafi gidan talabijin ɗin neman kwafi. Aka ce masa ai tuni an ɗora jawaban siyasa a kan kaset-kaset ɗin, don a lokacin kaset tsada gare shi. Daga ranar ya ɗora laifin a kan jam'iyyar da ke mulki, kuma bai sauke ba har ya koma ga Allah. In aka ce masa ai ba su ke mulki ba lokacin da aka goge, sai ya ce, "Duk su ne. Riga kawai suka canja."

Na biyu a nan New York ne, ban ma zo duniya ba, Goggo ke ba da labarin. Masu wani fim suka zo neman dogayen baƙaƙen fata da za su tsaya a bayan wani jakadan ƙarya. Baba Tsoho a lokacin direba ne a wani ofishin jakadanci na gaske. Ya ɗauki hutun kwana biyu, ya sha tsayuwa a rana. Da fim ya fito ya kwashi gidan kaf, har da maƙwabta, ya kai su sinima. A ƙofa ya ɗaga yatsa ya ce, "Wallahi yau za ku gan ni, gaba da baya." Aka zauna awa biyu. Can wajen ƙarshe ya zabura ya ce, "Ga ni nan!" Gwiwar hannunsa ce, a gefen allo, ta leƙo ta koma. Goggo ta ce dariyar da Inna ta yi sai da aka zo da tocila aka ce su yi shiru. Fim ɗin kansa ya mutu a sati biyu, yau ko sunansa ba mai tunawa.

Washegari Baba Tsoho ya je wurin limamin wancan lokacin, ya ce ya rantse za a gan shi gaba da baya, ba a gan shi ba, mene ne hukunci? Aka ce masa kaffara: ya ciyar da mabukata goma, in ba hali ya yi azumi uku. Ya sa Inna ta dafa shinkafa, ya ciyar. Daga nan abin ya samo asali.

Don kuwa Baba Tsoho bai iya hasashe ba, kuma bai iya yin shiru ba. In ya ce za a yi ruwa, ka shanya kayanka. In ya ce wane zai ci zaɓe, a gida ne ko a nan Amurka, to matar mutumin ta fara haɗa kayan barin gidan gwamnati. Kuma ba ya faɗa haka siddan, sai ya ɗora wallahi a kai, ya ƙara tallahi, ya buga cinya. Mutanen majalisa har tambayarsa suke yi da gangan don su san inda za a faɗi.

Inda abin ya fi yawa shi ne ƙwallon kwando. Ita ta kawo shi ƙasar nan. Wani malami ne ya ga tsawonsa a makaranta, ya rubuta wasiƙu, aka ɗauke shi a wata ƙaramar kwaleji can arewacin jihar nan, garin da ya ce shanu sun fi mutane yawa. Shekara huɗu ya yi yana ɗumama benci. Shi dai ya ce akwai ranar da aka sa shi a minti na ƙarshe ya jefa ƙwallon da ta ba su nasara, amma ba hoto, ba sheda, kocin ya mutu, kwalejin ma an rufe ta. Da ya yi ritaya sai ya ɗauki wata ƙaramar kwaleji a nan Bronx ya mai da ita tasa. Bai yi karatu a can ba, ba shi da ɗa ko jika a can. Cewa ya yi shi manyan ƙungiyoyin talabijin ba sa bukatarsa, waɗannan kuwa in bai je ba za a ga gurbinsa.

Da gaskiyarsa. Na sha raka shi farkon zuwana, lokacin ina zaune a gidansu. Zauren wasan bai fi masallacin unguwa girma ba, yana warin roba da man goge daɓe, 'yan kallo kuwa iyayen yara ne da 'yan matansu, ka ƙirga su da ido. Baba Tsoho zai zauna a layi na uku, da babbar riga da kwat ɗin sanyi a sama, yana ba da umarni da Hausa. "Miƙa masa! Kai, miƙa masa mana, ƙwallon ta ubanka ce?" Yaran ba sa jin ko kalma ɗaya, amma suna waigowa su ɗaga masa hannu. In lokacin salla ya yi sai ya shimfiɗa kwat ɗinsa a bayan benci ya yi abarsa, ya sallame yana tambayar nawa da nawa. Ƙungiyar nan ta sha kashi a hannun kowa. Amma duk Asabar, kafin a hura usur, sai ya juya ga amininsa, wani tsoho ɗan zangon Kumasi da suke zuwa tare, ya ce, "Wallahi tallahi yau mu ke da nasara."

Lahadi bayan azahar kuma sai kaffara. Inna ta dafa shinkafa da miya da kaza, a zuba a robobi goma, ya rungume su a jaka biyu ya hau jirgin ƙasa zuwa shagon ɗan Maraɗi. Ni abin haushi yake ba ni. Tsohuwa da ciwon gwiwa tana tsaye a kan tukunya saboda bakin mijinta ba shi da linzami. Na ce masa, "Baba Tsoho, ka riƙa ƙara in sha Allahu mana a ƙarshen rantsuwar. Kowa ya san in ka faɗe ta ba kaffara a kanka. Ka huta, Inna ta huta." Liman ma ya faɗa masa haka ya fi a ƙirga. Amsarsa kullum ɗaya ce. Ya sosa ƙeya ya ce, "Mantawa nake yi."

Tsakanina da shi wasa ne, irin na jika da kaka. Inna tana ce mini maigida, shi kuma yana ce mini ɓarawon matarsa. In na shigo sai ya ce a ɓoye nama. Ni kuma in ce masa ya tsufa, ya ba da gida. Na saba faɗa masa abin da mahaifina ba zai iya ko tunaninsa ba, ya yi dariya ya rama. A kan haka na riƙa ɗaukarsa a waya duk lokacin da ya fara buga cinya, shekara bakwai, yana gani yana gyara hula.

Siyasa ce ta ɓata wasan. Shi yana tare da jam'iyyarsa ta adawa tun yana saurayi, ta canja suna ya bi ta, ta rabe biyu ya bi ɓangaren da ya fi talauci. Ni kuma ina ɗaya gefen, kuma ban iya riƙe baki ba, a wurinsa na gada. Da zaɓen gida ya matso muka riƙa gwabzawa a majalisa duk Juma'a. Ya rantse ɗan takararsa zai lashe, ya rantse har da yawan ƙananan hukumomin da zai kwashe. Aka yi zaɓe, mutumin nan ko mazaɓarsa bai kawo ba. Na zo shago ina taƙama, na ce yau sai a dafa buhu guda. Baba Tsoho ransa a ɓace yake, ban lura ba. Ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Kai ai ba ra'ayi gare ka ba, waya gare ka. Abin da ta ce maka da safe shi kake faɗa da yamma." Majalisa ta kwashe da dariya. Na yi murmushi, amma maganar ta shige ni har ƙashi, wataƙila don akwai gaskiya a ciki.

Na koma ɗakina na buɗe wayar da ya zaga. Na tsinto duk inda ya ce wallahi, na yanke abin da ke gaba da abin da ke baya, na jera su. Bayan kowace rantsuwa na rubuta abin da ya faru a zahiri, na ɗora dariyar inji. Na tura a zauren 'yan garinmu na waya, na rubuta a ƙasa: wasan jika ne. Ina jin har a raina na yarda da haka. Na manta cewa wasan jika a gaban kaka ake yinsa, inda zai iya ramawa. Kafin sati ya zagayo bidiyon ya kai unguwar Park Hill, ya kai Zariya, wani ɗan ajinmu ya turo mini shi daga Jidda yana tambaya ko na san tsohon nan. A ƙofar masallaci matasan da ba su kai Goggo shekaru ba suka fara gaishe shi da "Wallahi tallahi!" suna buga cinya.

Na jira faɗa. Na ma shirya amsoshi. Da na je gidan yana cin abinci, ya ɗago ya ce, "An ce ka mai da ni ɗan fim." Na ce wasa ne. Ya gyaɗa kai. "Na uku ke nan. Wannan dai an ga fuskata." Ya ci gaba da cin abincinsa. Bai ce a ɓoye nama ba.

Daga ranar bai sake rantsuwa ba. Ko ɗaya. A tambaye shi wa zai ci, sai ya ce, "Allah ne masani." Na ga haka na ce ashe ma gyara na yi, Inna ta huta da tukunya. Na san akwai haƙurin da ya kamata in ba shi, na ce sai da Salla. Salla ta zo ta wuce, na ce sai an fara kakar wasa in raka shi zaure, mu shirya a can. Aka fara kakar wasa, aiki ya riƙe ni Asabar ɗin farko, ta biyu kuma sanyi ya yi yawa. Wata bakwai ina ɗagawa.

Rana ta biyu ta makoki amininsa na Kumasi ya ja ni gefe ya ba ni labarin Asabar ɗin ƙarshe, don shi ke zaune kusa da shi. "Ɗana, ranan yaran sun yi wasa sosai paa," ya ce. "Half time suna gaba. Ban taɓa gani ba. Na taɓa shi, na ce Dogo, yau kam rantse, yau naka ne. Ya buɗe baki, na ga ya ɗaga hannu zai buga cinya. Sai ya sauke hannun a hankali. Ya ce, 'Na yi ritaya.' Bai ƙara magana ba ko kaɗan kraa. An dawo second half, na ji nauyi a kafaɗata, na ce ko barci ne." Aka tsayar da wasan. Ya ce yaran nan, nasu da na abokan karawa, suka tsaya a layi har aka fita da shi, kocin yana riƙe da hularsa da ta faɗi.

Na ɗauka wannan ne mafi nauyin abin da zan ji. Rana ta uku, bayan an shafa addu'a, ɗan Maraɗi ya shigo da wasu mutane, sun kai goma sha biyar. Ban san ko ɗaya ba. Wasu da jakar masu kai abinci a keke, wasu da hannu duk kaushi, akwai mai kwat mai tsada ma a cikinsu. Suka durƙusa suka gai da Inna. Na tambayi ɗan Maraɗi su wane ne. Ya dube ni wani iri.

"'Yan kaffara ne," ya ce. "Ba ka san su ba? Bon, bari in hwaɗa maka. Mutum in ya taho sabo garin ga, ba takarda, ba aiki, sai ya kwana biyu bai ci ba, amma ka ce mai ga sadaka, wallahi ba shi amsa. Ɗan gidan mutunci ne can gida, kunya ta kashe shi. To Alhaji in ya taho Lahadi ba shi cewa sadaka. Roƙonsu shikai. Shi ce, 'Ku rufa mini asiri, rantsuwa ta kama ni. In ba ku ci ba azumi uku ya hau kaina, ga ni da ciwon suga, kashe ni za ku yi?' Sai su yi dariya su ce tsohon ga ba shi jin magana, su amsa su ci, su ne sunka taimake shi. Ka gane? Wancan mai kwat, wata huɗu ya yi abincin Lahadi shi ne namansa na sati. Yanzu shago biyu gare shi."

Na ce, to da ya daina fa?

"Ya gwada kawowa hakanan sau biyu. Ya ce sadaka ce. Mutum ukku sunka amsa, sauran sunka ce sun ƙoshi." Bai ambaci bidiyon ba, har yau bai ambata ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na bar falon na shiga kicin, na tarar da Inna ita kaɗai a kan kujera, mata sun fita raka baƙi. Na tsuguna a gabanta na ce, "Inna, Baba Tsoho da gaske yake yarda yaran nan za su ci, ko kuwa ya san za su faɗi?"

"Ni ban shiga zuciyarsa ba," ta ce. "Yana son yaran nan, kuma duk Asabar da sa rai yake fita, wannan na sani. Amma shinkafar da kajin, tun ranar Juma'a yake sayo su in ya taso masallaci. Wasan kuwa sai Asabar."

Shekara nawa ina cin abinci a gidan nan, ina ganin kaji a firji ranar Juma'a, ban taɓa haɗa biyu da biyu ba. Ni mai waya, mai ilimi, mai gyara wa tsoho rantsuwa. Na kai maganar wurin Liman daga baya, don ta tsaya mini a rai, ina tsoron kada a ce rantsuwar ganganci ce. Ya ce mini abin da ke cikin zuciyar mutum lokacin da yake rantsuwa, shi da Ubangijinsa ne suka sani, mu dai abin da muka gani shi ne mutane sun ƙoshi. Ya ce in yi masa addu'a in daina bincike. Ina yi. Allah ya gafarta wa dogon nan, ya yalwata masa kabarinsa daidai tsawonsa har da ƙari, ya karɓi abin da ya ciyar ko da wane suna ya kira shi. Ni kuma Allah ya sa ya yafe mini, don ban tambaye shi ba.

A kicin ɗin nan na faɗa wa Inna abin da na yanke. Na ce zan goge bidiyon daga zaure, zan bi duk wanda na san yana da shi in roƙe shi ya goge, ko zai ɗauke ni shekara. Na ɗauka za ta sa mini albarka. Sai ta kama hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Kada ka kuskura," ta ce. "Ina kuma zan ji muryarsa?"

Ashe tun ranar Lahadi take sa Goggo ta kunna mata. Shi ba mai aika saƙon murya ba ne, kira yake yi, in ba a ɗauka ba ya sake kira. Shekara hamsin da wani abu na aure, abin da ya rage mata na muryar mijinta shi ne minti ukun nan da na yanka don in ci masa fuska.

"Abu ɗaya nake so, maigida," ta ce. Rabon da ta kira ni haka tun kafin rasuwar. "Dariyar nan ce ke danne shi. Da ya fara magana sai ta taso. Goggonka ta ce kai ka sa ta, kai za ka iya cirewa. Ta ce kana da na asalin, dogaye, inda yake zance sosai. Akwai wanda yake kirana a ciki in kawo masa shayi, na tuna ranar. Shi nake so ka sa mini."

Ba ni da su. Sati biyu bayan na haɗa bidiyon wayata ta cika, ta ce in rage kaya. Na duba na ga shekara bakwai na surutun tsoho sun cinye wuri, na ce ai na riga na tsame mai daɗin. Na danna sau ɗaya. Na je wurin masu gyaran waya uku bayan makoki, kowa ya ce an makara. Amma a ranar, a gabanta, na riga na sani.

Na faɗa mata. Ban yi kwana-kwana ba, na ce na goge su, dariyar kuma ta haɗe da muryar, ba ta ciruwa.

Inna ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta saki hannuna, ta gyara mayafinta, ta miƙo tafin hannu.

"To kawo hakan nan."

Na kunna na ba ta. Ba ta kalli allon ba. Ta kanga wayar a kunne kamar rediyo, ta rufe ido. Baba Tsoho ya ce wallahi tallahi, injin ya kwashe da dariya, ta ƙara matse wayar a kunnenta tana neman sauran maganarsa a ƙarƙashi. Ina tsugune har minti ukun suka ƙare.

"Sake," ta ce.